Tambaya: ta yaya ra'in jinya ke sauka daga takarda zuwa bakin gadon mara lafiya?

Ɗalibar Jinya, Mabera:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena a wannan aiki. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A aji ana koyar da ra'o'in jinya, abin da muke ce wa tiyori: na Nightingale, na Henderson, na Orem, na Roy, na Leininger. A haddace, a rubuta a jarrabawa, a ci. Amma da an shiga ɗakin marasa lafiya, abin da ido ke gani shi ne awon jini, allura, ƙarin ruwa da rubuta rahoto. Takardar tsarin kulawa kuma sau da yawa kwafe ta ake yi daga ta wani.

Bari in kafa misali don amsar ta zama ta aiki. Dattijo mai shekara 65, nauyinsa kamar kilo 60, hawan jini ya jawo masa shanyewar ɓarin dama, yau kwana biyu. Yana buɗe ido in an kira shi, amma magana ba ta fita. An sa masa robar hanci ta ciyarwa da robar fitsari, yana kan oksijin. Watan Afrilu ne, a ɗakin maza, fanka sai in da wuta. Uwargidansa ke zama da shi da rana, babban ɗansa da dare, dangi kuma na ta shigowa da fura da kunu da rubutu. Nas ɗaya ce a dutin dare, gadaje kuwa da yawa.

Wane ra'i ya dace da shi? Ta ina za a fara, me za a rubuta? Kuma yaya za a kula da shi ɗungurungum, jiki da zuciya da iyali da ibada, ba tare da abin ya tsaya a kan daɗin baki ba?

Tsohuwar Mataron, Gawon Nama:

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Ga mara lafiya irin wanga da ba ya iya faɗin buƙatarsa, ki kama Virginia Henderson. A 1966 ta bayyana aikin nas da cewa ta yi wa mutum abin da shi da kansa zai yi in da yana da ƙarfi, ko niyya, ko sani, kuma ta yi shi ta yadda zai koma tsayuwa da ƙafarsa da wuri. Ta jera buƙatu 14. Ta fara da numfashi, ci da sha, bawali da bayan gida, motsi, barci, har ta kai ga magana da ibada da koyo. Amfanin jerin shi ne ya hana idonki tsallake abu lokacin da gadaje sunka yi yawa, barci kuma na fizgarki. Ki bi shi daga sama duk sa'ad da kinka tsaya bakin gado.

Numfashi ki ƙirga shi minti ɗaya cur, agogo a hannu. Babu lambar da ake zubawa a takarda ba tare da an ƙirga ba kamar wagga. Sai ki ga an jera 20, 20, 20 tun safe har dare, alhali ita ce ke fara canzawa kafin mutum ya rikice. Daga 12 zuwa 20 shi ne daidai ga babba. In ya kai 25, ko ya sauka ƙasa da 10, a kira likita. Na'urar yatsa mai auna oksijin na jini ki maƙala ta a hannun lafiya, a yatsa mai ɗumi, ana neman 94 zuwa sama. Sanyin yatsa da jan farce da baƙin lalle duk suna ruɗa ta, kuma an tabbatar tana iya nuna lamba sama da gaskiya ga masu baƙar fata. Don haka in hanci na buɗewa, tsokar wuya na aiki, kada lambar ta kwantar miki da hankali. Robar oksijin ta hanci lita 1 zuwa 4 a minti. Abin rufe fuska kuwa kada ya sauka ƙasa da lita 5, in ba haka ba iskar da ya fitar ita zai riƙa sake shaƙa. In tukunyar oksijin ce, ki yi lissafi tun da magariba: mai ɗauke da lita 680, a kan lita 4, minti 170 za ta yi, ko awa uku ba ta cika ba. Tsakar dare ba lokacin fara neman wata ba ne.

Ci da sha shi ne inda anka fi yin asara. Babu abin da zai bi ta bakinsa, ko cokali ɗaya na ruwa, sai an gwada haɗiyarsa. Mai shanyewar jiki na iya ƙwarewa ko tari bai yi ba, bayan kwana biyu zazzaɓi da nimoniya, wato ciwon huhu, su biyo. Kafin kowane ciyarwa ki tabbatar roba na cikin tumbi: ki zuƙo ruwan ciki da sirinji ki ɗiga a takardar pH mai auna tsami, ana neman 5.5 ko ƙasa. Tsohuwar dabarar hura iska a saurara a ciki ba abin dogaro ba ce, domin ana jin ƙarar ko da robar na cikin huhu. Ki sa alamar filasta daidai bakin hanci, ki rubuta tsawon, don mai karɓar aiki ta gane in ta zame. A ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45. A wanke roba da ruwa mil (mililita) 30, a ba da mil 200 zuwa 300 ta sirinjin da anka cire masa matura, abincin ya gangara da kansa cikin minti 20 zuwa 30, a sake wankewa da mil 30, a bar shi a jingine aƙalla rabin awa. Kunu sai an tace shi da rariya mai laushi. Fura mai gudaji toshe roba take yi. Koko zalla kuma ruwa ne da gari, ba ya hana rama, ba ya gina fata. A nemi masanin abinci ya tsara haɗin da ke da madara, ƙwai, waken suya ko gyaɗa. Ƙwayoyi a niƙa su ɗaya bayan ɗaya, amma masu narkewa sannu, irin maganin hawan jini nifedipine mai dogon aiki, ba a niƙa su. In anka niƙa, maganin yini guda ya shiga jini lokaci ɗaya, jini ya faɗi warwas.

Ruwa: mil 30 zuwa 35 ga kowane kilo a yini, wato 1800 zuwa 2100 ga wanga dattijo, a haɗa da na roba da na jijiya. Zafin Sakkwato na Afrilu kan haura digiri 40, gumi na kwashe abin da ba ki iya aunawa, don haka fitsari ne madubinki. Rabin mil ga kowane kilo a awa, mil 30 ke nan, 240 a dutin awa takwas. In ya gaza haka awa biyu a jere, ko ya koma kalar shayi, ki fara duba ko roba ta lanƙwashe ƙarƙashin cinya, sannan ki kira likita. Jakar fitsarin ta zauna ƙasa da mara, amma kada ta taɓa ƙasa.

Fata kuwa, juyi duk awa biyu, a karkace kaɗan da filo a baya, ba a ɗora shi kai tsaye bisa ƙashin kwatangwalo ba. Filo ƙarƙashin sangali don dunduniya ta yi lilo. Ki duba ƙeya, allon kafaɗa, gwiwar hannu, tsatso, idon sawu, da bayan kunne inda igiyar oksijin ke ci. A fatarmu ba ja za ki gani ba. Wurin kan yi duhu fiye da kewayensa, ya yi ɗumi ko tauri, sai kin sa hannu kin ji. Ba a murza shi, ba a sa gammon roba. Kada ledar gado ta taɓa fatarsa, a shimfiɗa zanin auduga a miƙe shi sumul, domin gumi bisa leda shi ke jiƙa fata har ta saluɓe. Ki ɗan ɗaga gwiwoyinsa kafin ki ɗaga kan gado, in ba haka ba zamewa zai riƙa yi, tsatso na gurzuwa.

Florence Nightingale tun 1859 ta yi magana kan iska, haske, tsafta da shiru, kuma a nan ne maganarta ke da nauyi. Taga a buɗe, mutum goma kada su zagaye gado su tare iska. Zafin jiki in ya kai 38, a rage tufa, a goge jiki da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba na ƙanƙara ba. Baki a goge duk awa biyu zuwa huɗu yana kwance a gefe, da ruwa kaɗan.

Nas ɗin Sashen Kulawa ta Musamman, Arkilla:

Ranki ya daɗe Mataron, babu abin cirewa a nan. Sai dai jerin Henderson yana gaya miki abin da za a yi, bai gaya miki wa zai yi ba. Nas ɗaya da gadaje da yawa ba za ta juya kowa duk awa biyu ba, komai ƙwazonta. A asibitocinmu mai jinya ne ke bakin gado dare da rana. Shi ya sa, ƙanwata, nake ganin ki ɗora Dorothea Orem a kan abin da Mataron ta shimfiɗa.

Orem ta fitar da ra'inta a littafi a 1971. Ta ce jinya na shigowa ne inda buƙatar mutum ta fi ƙarfin abin da zai iya yi wa kansa, kuma ta kasa taimako gida uku: a yi masa komai, a yi tare da shi, ko a koya masa a tsaya masa. Kuskuren da ake yi shi ne a jefa mutum gaba ɗayansa cikin gida ɗaya. A raba shi buƙata buƙata. Dattijon nan a wajen ci da fitsari komai sai an yi masa. Amma hannunsa na hagu lafiya lau yake. Zai iya goge fuskarsa da tsumma, ya ja carbi, ya kama ƙarfen gado lokacin juyi. Dangi don tausayi sukan karɓe masa har wannan, sati biyu ya wuce, hannun lafiyar ma ya yi laushi. Ki rubuta a tsarin kulawa abin da shi zai yi, ki hana a yi masa.

Orem ta kuma yi maganar wanda ke kula da wani a madadinsa, wato mai jinya. Ɗan nan nasa ɗalibinki ne. Koyarwa hawa uku ce: ki yi yana kallo, ku yi tare, ya yi kina kallo. Kada ki tambaye shi "ka gane?", domin ladabi zai sa ya ce e. Ki ce ya nuna miki.

Juyi da mutum biyu ake yi, da zani a ninke ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya, a ɗaga, ba a ja ba. Kada a taɓa jan hannun da ya shanye. Tsokar da ke riƙe kafaɗa ta saki, ja ɗaya zai iya gurɗa ta, ciwon kuma ya bi shi watanni. A tallafe hannun da filo, tafin a buɗe. A riƙa lanƙwasa gaɓoɓin a miƙe a hankali sau biyu ko uku a rana. Wasu kan ɗaure lokacin juyi da lokutan salla don sauƙin tunawa. Da rana yana taimakawa, amma tsakanin Isha'i da Asuba akwai kusan awa tara, kuma a nan ne gyambon kwanciya ke samun gindi. A zana agogo a kwali a manna a kan gado, 10 hagu, 12 baya, 2 dama, ɗan ya sa ƙararrawa a wayarsa. Fitsari kuma ya riƙa juye shi a gora mai alama, ya gaya miki adadin, ya wanke hannu da sabulu kafin da bayan.

Akwai abin da ba a miƙa wa mai jinya ko da ya nuna ƙwarewa: tabbatar da wurin robar hanci, zuƙe majina, taɓa oksijin, da taɓa ƙarin ruwa. Ki faɗa masa dalili, domin dangi kan ga ruwa na ɗiga a hankali su buɗe shi don ya ƙare da wuri, ga tsoho mai hawan jini kuwa wannan na iya cika huhu da ruwa. Zuƙe majina daƙiƙa 10 zuwa 15 ne kawai, a huta ya numfasa kafin a sake.

Game da rubutu a takarda, kowane layi ya ɗauki matsala, dalilinta, manufa mai lamba da lokaci, aiki, da sakamako. Misali: haɗarin gyambon kwanciya saboda rashin motsi da gumi, makin Braden (ma'aunin wannan haɗari) 11. Ma'aunin daga 6 zuwa 23 yake, 18 zuwa ƙasa haɗari ne, 11 kuwa babban haɗari. Manufa: babu canjin launi ko ɗumi a tsatso da dunduniya a dubawar kowane duti har kwana 7. Aiki: juyi duk awa biyu, ɗansa da mai taimako, nas ta duba fata da kanta sau ɗaya a duti. Manufa irin "mara lafiya zai samu sauƙi" ba ta da yadda za a auna ta, shi ya sa ake kwafe ta daga fayil zuwa fayil babu wanda ya lura. Miƙa aiki kuma a yi shi a bakin gado, a ɗaga zani a gani tare.

Ki sa ido a kan ɗan shi ma. Wanda ya kwana uku a kan tabarma ƙarƙashin gado zai fara mantuwa da faɗa. Ki nemi dangi su tsara karɓa-karɓa, kuma duk sabon da ya zo a koya masa daga farko. Maganar kuɗi ki buɗe ta a keɓe. Mutane kan karɓi takardar magani su yi shiru, su sayo rabi. Gara a sani, likita ya nuna wanda ba a iya jinkirtawa, a haɗa su da sashen jin daɗin jama'a na asibiti.

Malamin Koyar da Jinya, Runjin Sambo:

Madalla da amsoshin nan biyu. Ni zan tsaya a kan ɓangaren da ɗalibai suka fi cikawa da kalma ɗaya, "a kwantar masa da hankali", su wuce.

Fara da tambayar kanta. Bahaushe ko Bafillace in ka ce masa "yaya jiki?", amsa ɗaya ce: da sauƙi, alhamdu lillahi. Gaisuwa ce, kuma dauriya abin yabo ce a wurinmu, musamman a gaban suruki ko ɗan fari. In kin rubuta "babu ƙorafi" a kan wannan amsa, ba ki yi awo ba. Ki gaisa tukuna, sannan ki yi tambayar da ba ta da amsar ladabi: jiya ka yi barci? Me ya tashe ka? Nuna mini wurin da yatsa. Ga dattijon nan da harshe ya kama, ki tuna shanyewar dama daga ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa take, inda magana take, kuma da yawansu suna fahimtar fiye da yadda ake zato. Kada a yi maganar tsadar magani ko rabon gona a kansa. Ki tsaya ta gefen da yake ganinki, jimla gajera, tambayar e ko a'a, ya amsa da matse hannu. Ki ba shi lokaci, ki ƙirga goma a zuci kafin ki maimaita. Ciwo kuma ki karanta shi lokacin juyi. Ma'aunin CPOT na duba fuska, motsin jiki, taurin tsoka da nishi, kowanne maki 0 zuwa 2, jimla 8. In ya kai 3, akwai ciwon da ke buƙatar magani.

Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na St Christopher's a Landan a 1967, ta koyar da cewa ciwo ya haɗa na jiki, na zuciya, na zamantakewa da na ruhi, kowanne na ƙara wa ɗan'uwansa zafi. Callista Roy ma ta sa matsayin mutum a gidansa cikin fuskoki huɗu da ake dubawa. Wannan maigida ne da ake jiran izininsa kafin a ɗaura aure ko a sayar da hatsi, yau ɗansa ne ke wanke masa tsuliya. Hawayen da za ki gani lokacin wanka sau da yawa daga nan suke. A ja labule, a rufe al'aura da zani, a buɗe wurin da ake wankewa kaɗai. A kira shi Baba ko Alhaji ko Malam, yadda iyalinsa ke kiransa. A sa masa hularsa in baƙi za su shigo. A riƙa neman izininsa kafin a taɓa shi, ko da amsar ƙifta ido ce.

Abubuwan da dangi ke kawowa kuwa, Madeleine Leininger ta ba mu hanyar kasa su gida uku: abin da za a bari a ƙarfafa shi, abin da za a yi ciniki a kai, da abin da dole a sauya. Tofi, addu'a, karatun Alƙur'ani a waya da murya ƙasa-ƙasa, a bar su, a ma ba su lokaci. Rubutu da zamzam na gida na biyu ne. In kin ce "ba a yarda ba" kin juya baya, za a ɗura masa ta baki, ya ƙware. Ki zauna da uwargidan ki nuna mata cewa maƙogwaron ne ya shanye kamar yadda hannun ya shanye. A shafa masa a fuska da jiki, a jiƙa auduga a taɓa leɓɓansa, in kuma lallai suna son ya shiga ciki, kaɗan ta roba, da hannun nas, da sanin likita. Gida na uku babu ciniki: garwashin turare ko hayaƙi kusa da oksijin, man shafawa mai maiƙo a hanci da leɓe yana kan oksijin, jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, da kunun kanwa ga mai hawan jini ko ciwon zuciya, saboda gishirin da ke cikin kanwa na tara ruwa a jiki. Ko a nan ma a ba da madadi, a kuma nemi wanda maganarsa ke da nauyi a gidan, shi ya faɗa da bakinsa.

Ibada ita ce ta 11 a jerin Henderson, kuma tana buƙatar aikin hannu. Hadisin Imrana ɗan Husaini ya nuna mara lafiya ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ki sa a ajiye dutsen taimama mai tsafta a kan loka. A gaya masa in lokaci ya shiga, domin wanda ke kwance kan rasa lissafin rana. Alƙibla daga Sakkwato gabas take, da ɗan karkata arewa. In juyin La'asar zai iya dacewa da ita, a daidaita. Da yawa kan bar salla don suna ganin robar fitsari ta hana su tsarki. Malamanmu na Malikiyya sun yi sauƙi a kan fitsarin da ba a iya riƙewa, a kira malami ya warware masa da kansa. In Kirista ne, a tambayi iyalinsa ko suna son a kira fasto ko fada.

Ɗalibar Jinya, Mabera:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura biyu. In dare ya yi ya rikice, yana fizge roba yana ƙoƙarin sauka, dangi suna cewa iska ce, wasu kuma na cewa a ɗaure hannun ko a yi masa allurar barci, me za a yi? Sannan in jikin ya ci gaba da yin nauyi har likita ya ce sai addu'a, wane ra'i ya rage?

Sista Mai Kula da Masu Doguwar Jinya, Minanata:

Ƙanwata, ruɗewar dare alama ce, ki nemo mai jawo ta kafin komai. Cikin minti biyar za ki iya duba shida: oksijin, suga, zafin jiki, mara, bayan gida, ciwo. Suga ƙasa da 4 a na'urar da ke auna mmol, ko 70 a ɗaya ma'aunin, gaggawa ce. Ki dafa mararsa. In ta yi tauri jaka kuma babu komai, roba ta toshe, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa tsoho ya yi ta fizge-fizge. Ki duba yaushe rabonsa da bayan gida, kwana uku ya yi yawa. Allurar barci irin diazepam ga tsoho takan ƙara ruɗewar, ta danne numfashi, ta ɓoye alamar da likita ke bi. Ɗaure hannu a ƙarfen gado na ƙara firgici, yana kuma yanke fata. In robar ce abin tsoro, a naɗe hannun lafiyar da auduga da bandeji kamar na ɗan dambe, yana motsi amma ba ya iya kamawa, a kwance duk awa biyu a duba yatsu, a rubuta dalili, a cire da zarar ya natsu. Da rana a buɗe taga ya ga haske, a sa masa tabarau in yana sawa, a riƙa gaya masa inda yake da wace rana ce. Da dare a rage fitila, a haɗa awo da juyi lokaci ɗaya don ya samu barci. Dangi kuma kada ki yi musu da su kan iska. Su yi addu'arsu a bakin gado, muryar da ya sani magani ce a nan, ke kuma ki ci gaba da bincikenki.

Tambaya ta biyu, Katharine Kolcaba ce amsarta. A shekarun 1990 ta gina ra'inta a kan jin daɗin mara lafiya ta fuska huɗu: jiki, zuciya da ruhi, jama'arsa, da muhallinsa. In warkewa ta fita daga hannu, manufar tsarin kulawa ce ke canzawa, aikin bai ragu ba. Ki tambayi kowane aiki: yana ƙara masa daɗi? Awon jini duk awa da sukar yatsa a kai a kai, a tattauna da likita a rage. Goge baki a ƙara, ko duk awa, domin bushewar baki ita ce ƙishin da dangi ke gani. Yawan ƙarin ruwa a wannan mataki na iya ƙara kumburi da kakari. Kakarin maƙogwaro a juya shi gefe, a goge abin da ya fito baki, kada a zura roba can ciki. Likita na iya rubuta hyoscine, maganin rage yawu da majina. Ki gaya wa iyali tun kafin ya fara cewa za su ji wannan ƙara, numfashi zai riƙa tsayawa yana dawowa, ƙafafu za su yi sanyi.

Ciwo a bi matakai uku da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1986, a ba da magani bisa agogo, ba sai ya yi nishi ba. Farasitamol giram 1 duk awa shida, kada ya wuce giram 4 a yini, a rage ga wanda ya rame. Magungunan ciwo diclofenac da ibuprofen ga tsoho mai hawan jini a cikin wannan zafi haɗari ne ga ƙoda. In an kai ga mofin na ruwa, maganin ciwo mai ƙarfi, likita kan fara da miligiram 2.5 zuwa 5 duk awa huɗu, tare da maganin sassauta bayan gida tun ranar farko, a yi taka-tsantsan in ƙoda ta yi rauni. Ki riƙa duba yawan barci da numfashi.

Labari mai nauyi ba a ba da shi a baranda. A samu ɗaki, a zauna, a tambayi wa suke so ya kasance, kuma kada a bar uwargidan a waje don maza sun shiga, ita ce ta fi kowa daɗewa a bakin gadon. A sassauta dokar ziyara. A bar wanda ya fi kusa da shi ya riƙa laƙƙana masa kalmar shahada a hankali kusa da kunne, ba tare da matsa masa ya maimaita ba.

Tsohuwar Mataron, Gawon Nama:

Ƙari ɗaya kan rubutun da Malam ya ce a ba ta roba. Ki tambayi da me anka wanke allon, da abin da anka zuba ciki. Tawadar gawayi da ƙaro da anka wanke da tafasasshen ruwan da ya huce, a tace, mil 20 zuwa 30 ya isa. In an haɗa da garin saiwa ko sassaƙe, ya koma jiƙo, ba ya shiga. Wanda ya kwana cikin gora a wanga zafi ma a shafa shi kawai. Ki tabbatar da wurin roba kafin ki ba da shi kamar kowane ciyarwa, ki wanke robar bayan kin gama, ki rubuta adadin a takardar shigar ruwa da lokacinsa.